Kukan da Mijina Ya Yanke da Almakashi

Ku matso nan kusa, 'yan uwa, ku ara mini kunnuwanku, don labarin yau na kunne ne. Wadda take tsakiyar girki ta sauke tukunya tukuna, kada tuwo ya kama a ce ni ce sila.

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Zamfara take sabuwa fil, muna zaune a Kaura Namoda, a wani gidan haya da ke jingine da bayan gidan sinima. Bango ɗaya ne ya raba mu. Ta can gefen an shafe shi da farin fenti, a kansa ake haska fim. Ta nan gefen kuwa a jikinsa nake jingina turmi da tabarmi. Sinimar ba ta da rufi, kuma lasifikarta tana maƙale a saman bangon nan, daidai kan madafata. Mijina shi ne mai tayar da injin haska fim, wanda 'yan kallo ke kira ofareta, musamman in suna son zaginsa.

Ni ban taɓa taka ƙafata cikin sinimar ba. Matar aure ba ta shiga, kuma ko da ana shiga ni ba mai son fita ba ce. Mahaifiyata takan ce tun ina yarinya a Banga, in aka aike ni ƙofar gida sai na tambaya ko ba za a iya shigo da ƙofar ciki ba. Boko kuma aji uku na yi na ajiye. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina iya gaya muku wace maƙwabciya ce ke daka daga jin saukar taɓarya, in kuma gaya muku ko da fushi take dakan. To, mai irin wannan kunne aka ɗora wa lasifika a ka shekara da shekaru. Babu fim ɗin da aka nuna a gidan nan da ban ji shi ba, babu kuma wanda na gani.

Fina-finan a jirgin ƙasa suke zuwa, cikin faffaɗan gwangwanaye. Kun san Kaura nan ne ƙarshen layin dogo, don haka kafin fim ya iso mu ya gama zagaye duniya, ya gaji, ya sha ɗinki. Wani in ya zo ma ba mai dawowa neman sa. Haka wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, ya zo ya zaune mana. Duk makon da jirgi bai kawo sabo ba, shi ake mayarwa.

Mijina yana da nasa tsarin. A wurinsa fim iri biyu ne, kuma da alli yake rubuta wa kowanne irinsa a allon da ake kafawa bakin ƙofa. Akwai na duhu: ruwan sama, inuwa, hayaƙin taba, ƙaramar bindiga a jaka, da mace mai kyau wadda ke jan namiji a hankali har ta kai shi rami. Akwai kuma na hawaye, inda duniya ke taruwa a kan mace ɗaya, ta yi ta haƙuri har 'yan kallo su fara jan hanci suna cewa hayaƙin masu tuyar masa ne ya shige musu ido. Wannan tsohon fim, tun ranar farko ya rubuta masa na duhu, bai taɓa shakka ba.

Labarin, yadda ya ba ni shi, wata mata ce kullum da baƙin gyale mai raga-raga a fuska, tana auren wani tsoho mai dukiya. Sai ta ɗora ido a kan wani saurayi mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, ta yi ta zuwa wurinsa har ya rasa inda kansa yake. Ƙarshe aka sami tsohon kwance da harsashi a ƙirji, aka kama saurayin, ita kuwa ta hau jirgi cikin ruwan sama ta yi tafiyarta, ko waiwaye babu. Mutanen Kaura, da yake jirgi nasu ne, ba ƙaramin haushi wannan wurin yake ba su ba. Tana sa ƙafa a matakala za ka ji an tashi tsaye ana tsine mata.

Abin da ni nake ji daban ne. Duk sanda takalminta ya shigo, ƙwas, ƙwas, sai wani kiɗa mai kama da goge ya biyo ta a hankali, kamar mai rarrashi. Saurayin ba shi da kiɗa. Tsohon ma babu, sai sandarsa. Sannan a tsakiyar fim akwai wani wuri da matar ke kuka, kuma daidai nan 'yan kallo ke ɓarkewa da ihu suna dukan benci suna kiran ofareta. Ni da lasifikar ke kaina ina jin kukan ta ƙarƙashin ihun, na ɗauka ma kukan ne ke ba su haushi. Sai wata rana aka nuna fim ɗin, aka zo wurin, aka wuce sumul. Ba kuka, ba ihu. Washegari na tambayi mijina ina kukan ya tafi, ya ce wane kuka, matar nan ai ko ɗigon hawaye ba ta da shi. Yana sauri zai fita, ni kuma wake na kan wuta, maganar ta tsaya nan.

Yanzu bari in kawo muku aminiyata. 'Yar Galadi ce, ɗakinta yana cikin gidan da ke jingine da namu ta ɗaya gefen. Mijinta leburan jirgi ne, ya yi shekara biyu yana fama da tari kafin Allah ya karɓi abinsa. Da ta fita takaba sai ta kafa tanda a bakin sinima tana tuyar masa. Ta sayi baƙin gyale, ba don komai ba sai don baƙi ba ya nuna mai da hayaƙi. Mace ce doguwa, mai dariya da ƙarfi, bakinta kuma ba ya barin ta kwana. Wani direba ɗan Shinkafi ya fara neman ta, ba a jima ba motarsa ta kife ya karye a ƙafa. Wani tela ya biyo baya, aka fasa shagonsa aka ɗauke keken ɗinkin. Shi ke nan, 'yan sinima suka haɗa waɗannan biyun da gyalen, suka raɗa mata Mai Baƙin Gyale, sunan da suke kiran matar cikin fim. Ita dariya take yi. Takan ce su kira ta duk abin da suka ga dama, in dai sun sayi masa.

Sai shari'a ta zo, aka rufe gidajen sinima. Mijina bai yi gardama ba, ya sami ɗan wuri a kasuwa ya koma gyaran rediyo. Mai sinimar ya roƙe shi ya ajiye injin da lasifika da ƙaramin janareto a ɗakinmu na baya, tare da gwangwanayen da ba mai nema, kafin a sami mai saye. Kowace Juma'a mijina zai shiga ya goge injin ya sa masa mai, kamar mai duba mara lafiya. Ni kuwa sai da na yi wata guda ina jin gidan ya yi mini shiru da yawa.

Wadda abin ya fi taɓawa aminiyata ce. Ba sinima, ba masu sayen masa. Kuma magana ta yi yawa a gari a kan matan da ke zaune su kaɗai ba aure. Mai gidan da take haya ya fara yi mata tambayoyi masu kama da sallama. 'Yan uwanta suka aiko cewa ta tattara ta dawo Galadi, ita kuwa ta san zaman da ke jiran ta a can, ɗaki ɗaya da matar wa da 'ya'yanta bakwai. Sai ta koma kai masa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, a can ne wani manomi ɗan Zurmi, mai kiwon tumaki, wanda matarsa ta rasu, ya gan ta. Ba ta gaya mini tana son sa ba. Ni na ji da kaina. Matar da ta shekara uku tana shara shiru, sai ga shi tana share tsakar gida tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Kun san al'ada, kafin a kai gaisuwa sai an yi bincike. Wanda aka turo wan mutumin ne, dattijo, malami, mai magana ɗaya-ɗaya kamar yana ƙirga ta. Ya sauka Kaura da safe a bayan babur, ya fara tambaya daga mai shayi zuwa mahauta. Duk wanda ya tambaya sai ya yi murmushi ya ce, a'a, Mai Baƙin Gyale? Da ya nemi asalin sunan, aka ce na wata mata ce a fim, in yana son bayani ya je wurin tsohon ofareta.

Da hantsi ya yi sallama, mijina bai riga ya fita ba, suka zauna a zaure. Ni ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, zaure kuwa a wurina kamar cikin tafin hannu yake. Ku tuna mutumin nan nawa ya yi watanni ba wanda ya tambaye shi komai game da fim. Ana taɓo maganar sai ya buɗe kamar an fasa randa. Ya ba da labarin tun daga farko, da ruwan saman, da bindigar, har yana kwaikwayon yadda take ɗaga gyalen. Ya bayyana wa malamin fim na duhu da na hawaye, ya ce ita wannan uwar na duhu ce, duk namijin da ya matso kusa da ita sai ya hallaka. Ina ta buga faranti a ƙasa ko zai farga, ya ɗauka kaji nake kora. Sai can da ya gama ya tuna abin da ya kawo baƙon, ya ce amma fa ita mai masar ba ruwanta, wasa ne na 'yan kallo.

Malamin ya tambayi zancen direba da tela, mijina ya ce an yi haka. Malamin ya ce ya gode, zai yi azahar a gari ya gai da wani ɗan uwa, bayan la'asar ya koma Zurmi ya gaya wa ƙanensa abin da ya ji. Daga yadda ya ja takalminsa na san abin da zai faɗa.

Mijina ya shigo yana murmushi, wai ya ji daɗin hira.

Na ce, "Malam, ka kashe mata aure da bakinka."

Ya ce, "Ƙarya kike so in yi ma malami?"

"Ba ƙarya ka yi ba. Rabin fim ka ba shi."

Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce shi da ya haska fim ɗin nan ya fi sau hamsin, ni da ban taɓa ganin ko inuwarsa ba, ni zan koya masa? Na ce ya zauna. Na ce bayan agogo ya buga, tsohon ya doki ƙasa da sanda sau uku, me ke biyowa? Ya ce safiya ce, tana tashar jirgi. Na ce a'a, da can ba haka ba ne. Da can ana jin an murɗa makulli sau biyu, kuma daga waje aka murɗa, don takun da sandar nesa suke yi, ita kuwa numfashinta yana nan kusa. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin na wanda ya san ba za a buɗe ba. Sannan daga wani ɗaki can wata ƙaramar yarinya ta yi tari. Matar ta kira ta sau uku, murya ƙasa-ƙasa, kamar ta kwanta ta sa baki a ƙarƙashin ƙofa. Sannan kuka, irin wanda ake toshe baki. Na ce tsawonsa ya kai a zuba masa a tanda, a juya, a kwashe.

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Nan ne wurin da ya lalace."

Ashe abin da ke faruwa ke nan. Duk sanda aka zo wurin, bango sai ya yi baƙi ƙirin, 'yan kallo su ɗauka fim ya tsinke, su hau zagin ofareta, har da masu jifa da ɓawon rake. Shi kuma yana can ƙarshen fili cikin ɗan ɗakinsa, inji na ruri a kunnensa, janareto na ruri a bayansa. Tunda yake aikin nan bai taɓa jin muryar fim ɗaya da kyau ba. Da zagin ya ishe shi sai ya sa almakashi ya yanke duhun, ya kankare bakin fim ɗin da reza, ya manne da gam, aka zauna lafiya.

Sa'ar da muka yi, mijina ba ya zubar da ko ɗan yatsa na fim. Ya shiga ɗakin baya ya fito da wani gwangwanin alewa cike da guntaye, ya yi ta tonawa har ya zaro wani dogon guntu baƙi a naɗe. Ya ɗaga shi sama ya saita rana. Ya daɗe a haka. Sannan ya kira ni ya nuna mini wani siririn layi a gefen, ya ce nan murya take zama. Inda fim ya yi shiru layin miƙe yake, inda ake magana sai ya yi kamar haƙoran zarto. Wannan tun daga sama har ƙasa haƙora ne. Kuma baƙin ba na ƙuna ba ne, ba huji, ba ƙauri. Da muka ƙura ido ma sai ga wani ɗan zaren haske kwance a ƙasan kowane hoto, hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Waɗanda suka yi fim ɗin da gangan suka kashe fitila. Ya ce da ni, murya a sanyaye, akwai wata 'yar yarinya da ke hawa jirgin tare da ita a ƙarshe, shi ya ɗauka 'yar wani fasinja ce.

Muna cikin haka aminiyata ta leƙo, labari ya riga ya kai mata ta bakin mai shayi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, wanda a wurinta wannan shi ne alamar abin ya kai ƙashi. Ta ce in bar shi kawai, za ta fara ɗaure kwanoninta, Galadi ma gari ne. Na ce ta koma ɗaki ta zauna, kada ta ɗaure ko cokali sai an yi la'asar.

Mijina ya sa hula ya tafi masallaci, ya tare malamin bayan azahar. Malamin ya ce shi ba ya kallon fim, da can ma bai kalla ba balle yanzu. Mijina ya ce, "Allah shi gafarta Malam, babu abin kallo. Duhu ne zalla, ko kiɗa babu. Ko fitilar injin ba ni kunnawa." Ban san ko tausayi ne ko son sani ba, amma malamin ya biyo shi.

Aka kai janareto can bayan garken awaki don kada ya cika mana kunne, aka ja waya aka ajiye lasifika a zaure. Ni ina bayan labule. Mijina ya ɗora guntun a inji, ya tayar, ya kwaso da gudu har yana tuntuɓe da buta, don shi ma yau yake son ji. Sai ga makullin. Sau biyu. Sandar tana nisa. Ƙwanƙwasar. Tarin yarinyar. Na shekara ban ji kukan nan ba, amma yana fitowa na gane shi kamar muryar 'yar uwa. Da rana tsaka, ba ihu, ba dukan benci, ya fi yadda na san shi nauyi. Guntun ya ƙare, wutsiyarsa tana ta bugun inji fat, fat, fat, ba wanda ya tashi ya kashe.

Malamin ne ya fara magana. Ya ce, "To. An kulle ta, ta yi kuka, na ji. Amma ni ba wagga anka aiko ni bincike ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma sai a lokacin na ga wautata. Na sa an tayar da janareto, na kashe wa mijina rabin yini, don in wanke matar da ke cikin gwangwani, ga mai rai can zaune a kan tabarma tana jira.

Sai na ji ya tambayi mijina wa ya gano wannan abu. Mijina ya ce iyalinsa. Malamin ya ce ta gani? Mijina ya ce ba ta taɓa gani ba, ta bango take ji. Malamin ya ɗan yi gyaran murya, ya juyo da magana wajen labule.

"Baiwar Allah, an ce mini ɗakin yarinyar nan yana jingine da gidanku. Ɗayan bangon fa, mi kinka ji?"

Ni dai ba a roƙona in yi magana. Na ce na ji ta shekara biyu tana ɗaga mara lafiya tana kwantarwa, ban taɓa jin ta yi tsaki ba, ita da tsaki ba ya mata wuya. Na ce direban nan na ji da kunnena ta ce masa daga bakin ƙofa kada ya ƙara zuwa, yana da iyali a Shinkafi ya je ya riƙe su, kuma sai bayan wata biyu motarsa ta kife, da buhunan gero da suka fi ƙarfinta. Tela kuwa ko ƙofar gidan bai taɓa zuwa ba, a bakin tanda yake tsayawa yana cin masa yana surutu. Na ce don kada ya ce na ɓoye, tana da baki, in aka taɓa ta sai ta rama har da ƙari, dariyarta kuma tana tayar da kaji, in ƙanensa mai son shiru ne to ya sake tunani.

Ya ce tambaya ɗaya ta rage, in ji tsoron Allah. Na taɓa jin muryar namiji a ɗakinta?

Na ce, "Na ji, Malam. Mutum ɗaya. Marigayi, yana tari."

Malamin ya yi mana addu'a, ya tashi. A bakin ƙofa na ji yana ce wa mijina, cikin raha, ashe duk shekarun nan garin Kaura kallo ake yi ba a saurare, mai sauraren kuma an bar ta a madafa. Ya hau babur bayan la'asar. Kwana tara muna zaman jira, aminiyata ba ta ɗaure kwano ba, ba ta kuma yi waƙa ba. A rana ta goma aka aiko daga Galadi cewa mutanen Zurmi sun kai gaisuwa.

Tana Zurmi har yau, da 'ya'ya huɗu da jikoki, tumakin ma yanzu ita ke ba su umarni. Ranar da za a kai ta ta cire baƙin gyalen ta miƙo mini, ta ce in ba wa ofareta ya rufe injinsa, tunda shi ya san darajarsa. Da shi kuwa aka rufe injin har ranar da aka zo aka saye shi.

Kada ku ɗauka gardama ta ƙare a gidanmu. Mijina ya mayar da guntun inda ya yanke shi, da hannunsa, ko da yake ba a sake haska fim ɗin ba. Amma har yau, mun tsufa, in aka taɓo zancen sai ya ce na duhu ne. Hujjarsa, kulle ko ba kulle, bindigar daga jakarta ta fito, kuma saurayin nan mai tikiti bai ci ba bai sha ba ya tafi gidan yari, ba wanda ya yi masa kuka. Yakan ce makirai ma suna da hawaye. Ban ƙi ba, saurayin an zalunce shi, kuma ban ce hannunta tsarkakakke ne ba. Amma ni abin da na sani, waɗanda suka yi fim ɗin suna da goge guda ɗaya, kuma ita suka ba. Da labarin saurayin ne, da shi kiɗan zai bi, mu ji tsoronta tare da shi. Sai suka bar shi a waje, suka shigar da mu ɗakin da aka kulle ta, suka kashe fitila don kada kyanta ya ɗauke mana hankali. Wanda ya yi haka so yake a tausaya mata. Tufafin na duhu ne, na yarda, amma abin da ke ciki na hawaye ne. A nan na tsaya, ba na matsawa.

Kwanakin baya ɗiyata ta ce in na tuna yadda fim ɗin yake za ta iya nemo mini shi a waya in gani da idona. Na ce ta bar shi. Na riga na san fuskar matar nan a yadda kunnena ya zana ta, ba na son a zo a canza mini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne almakashin. Mijina ba mugu ba ne, ba ya ƙin kowa. Zagi ne ya ishe shi, ya ga wuri baƙi, ya ce lalacewa ce, ya yanke don a zauna lafiya. Gari guda ya shekara yana tsine wa mace a kan labarin da aka cire wa tsakiya, sannan aka ɗauki sunan aka liƙa wa mai tuyar masa, saura kaɗan ya kore ta daga gari. Tun daga ranar, in aka kawo mini labarin wata aka ce ai kowa ya san halinta, nakan tambaya wa ke zaune a bayan bangonta.

To ku da kuka fi ni karatu, kuka kuma fi ni kallo, ga alli na miƙa muku. Mace ce da baƙin gyale, bindiga a jaka, an kulle ta daga waje, 'yarta tana tari a wani ɗaki. In ku ne a bakin allon nan, na duhu za ku rubuta ko na hawaye?